Mu da ba ma iya zama gida: tambayoyi da amsoshi kan aiki a lokacin annoba a Yamai

Na daɗe ina aikin jinya a Yamai, kuma ina cikin waɗanda abokan aiki kan tura gaba idan za a yi magana da shugabanni. Tun daga 2020 tambayoyi kusan iri ɗaya nake sha: a bakin ƙofar asibiti, a gidan suna, a zaman makoki, har cikin taksi idan direba ya hango farar riga a jakata. Su ne na tattara a nan. Korona ta lafa, amma sanƙarau da kwalara da mashaƙo ba su ba mu hutu ba, kuma duk ranar da aka sake cewa kowa ya shige gida, mutanen jiya ne dai za su fito.

Su wa ake nufi da ma'aikatan sahun gaba? Likitoci ne kawai?

A'a. Duk wanda idan ya zauna gida gari zai kwana da yunwa, ko ƙishirwa, ko ƙazanta, ko mara lafiya ya rasa mai duba shi, to yana ciki. A asibiti akwai lokotoro da ma'aikacin jinya da ungozoma da mai gwajin jini, amma akwai kuma direban motar ɗaukar marasa lafiya, da matar da ke goge ɗaki, da lebura mai ƙona shara a bayan gini, da mai wankan gawa. A waje akwai mahauci, da mai gidan burodi, da ɗan ga-ruwa mai tura kura, da ma'aikacin kamfanin wuta na NIGELEC da ke hawa turken wuta da tsakar rana, da direban babbar mota, da 'yan sanda da jandarmomin da ke tsaye a shingen hanya, da mai sayar da hatsi a Katako ko Wadata.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a rahoton da ta fitar a watan Maris na 2023, ta kasa irin waɗannan ma'aikata gida takwas: abinci, lafiya, saye da sayarwa, tsaro, aikin ƙarfi, tsafta, sufuri, sai masu aikin fasaha da na ofis. A ƙasashe 90 da ta duba, sun kai kashi 52 cikin ɗari na masu aiki duka, kuma kashi 29 cikin ɗari nasu albashinsu ƙarami ne. Wato rabin masu aiki ne, ba wasu 'yan tsiraru ba.

Me ya faru a Yamai a 2020? Ni lokacin ina ƙauye, labari kawai nake ji.

Ranar 19 ga Maris aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu, a nan Yamai. Kwana biyu kafin nan Shugaba Mahamadou Issoufou ya riga ya sanar da rufe iyakoki da filayen jirgin sama da makarantu. An dakatar da sallar jam'i. Ranar 27 ga Maris aka kafa dokar ta-ɓaci ta lafiya, aka hana fita a Yamai daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe, sannan aka killace birnin, ba shiga ba fita. Gwamnati ta ɗauki nauyin kuɗin ruwa da wuta na masu ƙaramin ƙarfi na watan Afrilu da Mayu, an kuma sallami fursunoni 1,540. Cibiyar binciken lafiya ta CERMES ce ke gwaji, lamba 15 ake kira idan ana zargin mutum ya kamu, masu tsananin ciwo kuma ana kai su Babban Asibitin Référence.

A tsakiyar Mayu aka buɗe masallatai, aka ɗage dokar dare da killace birnin. Makarantu sun koma ranar 1 ga Yuni, jiragen sama kuma a farkon Agusta. Duk wannan ya faɗo ne a tsakiyar bazara, azumi kuma ya kama a ƙarshen Afrilu. Ku riƙe wannan, don shi ne tushen amsar da ke maganar awoyin aiki da zafi a ƙasa.

Ai cutar ba ta yi mana ɓarna kamar Turai ba. Me ya sa har yanzu kuke ta maganarta?

Gaskiya ne, kuma mun gode Allah. Waɗanda aka tabbatar sun kamu a Nijar duka ba su kai 10,000 ba, waɗanda aka rubuta sun rasu kuma sun ɗan haura 300. Amma ku tuna wanda ta ɗauka ranar 3 ga Mayu 2020: Mohamed Ben Omar, ministan ƙwadago da kansa. Idan ta iya kaiwa ga mai ofis da mota, yaya wanda ke ɗaukar tasar amai da hannunsa?

A watan Yuli na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ma'aikatan lafiya fiye da 10,000 sun kamu a ƙasashe 40 na Afirka. Daga baya ta ƙiyasta cewa tsakanin 80,000 da 180,000 sun rasu a duniya daga Janairun 2020 zuwa Mayun 2021. A wurinmu rashin mutum ɗaya ya fi ciwo, domin hukumar tana son a samu likitoci da ma'aikatan jinya da ungozomomi 4.45 ga kowane mutum dubu, mu kuwa ko ɗaya ba mu kai ba. Ungozoma ɗaya ta kwanta mako biyu, unguwa guda ce ta rasa mai karɓar haihuwa da dare.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin rahoton nan na 2023 shi ne, a ƙasashen da aka samu alƙaluma, mace-mace ta fi yawa cikin ma'aikatan sufuri fiye da na lafiya. Dalili a fili yake: mu ko ba komai muna da horo da ƙungiya da wanda za mu kai wa kuka. Direba shi kaɗai ne da motarsa.

Wa ya kamata ya saya mini takunkumi da safar hannu, ni ko mai aikin?

Mai aikin, ko gwamnati ce, ko asibitin kuɗi, ko kamfani. Nijar ta amince da Yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 2009. Sashe na 16 ya ɗora wa mai aiki samar da tufafi da kayan kariya inda ake bukata, sashe na 21 kuma ya ce matakan kariya ba za su ci wa ma'aikaci ko dala ba. Dokar ƙwadago ta ƙasa, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ita ma a kan mai aiki ta ɗora kare rai da lafiyar ma'aikata.

Wannan a takarda ke nan. A aikace, da yawanmu daga aljihu muka saya a makonnin farko, lokacin da farashin takunkumi ya yi tashin gwauron zabi a kantunan magani. Idan haka ta sake faruwa, ka riƙe takardar sayen, ka kuma rubuta bukatarka ga shugabanka da kwanan wata, ka ajiye kwafi. Za ka ga amfanin wannan kwafin a amsar da ke maganar wanda ya kamu a bakin aiki.

Wane takunkumi ya dace da wane aiki?

Na asibiti mai shuɗin baya ya isa ga yawan aikin duba marasa lafiya. FFP2 ko N95, wato mai tace iska sosai, na wanda ke kusa da baki da hancin mara lafiya ne a lokacin da ake sa masa bututun numfashi ko ake zuƙe majina, da kuma ɗakin masu tarin fuka. Dole ya manne da fuska, kuma gemu mai kauri na hana shi mannewa. Na yadi, irin wanda telolinmu suka yi ta ɗinkawa, ya kasance ninki uku, a wanke shi kullum da sabulu. Ya dace da kasuwa da taksi, bai dace da ɗakin masu cutar ba. Duk wanda ya jiƙe da zufa ya gama aiki, a canza shi.

Wajen cirewa aka fi kamuwa, ba wajen sawa ba. Mutum ya gaji, zufa na shiga masa ido, sai ya kai hannu ya fizge ta gaba. A fara cire safar hannu da riga, a tsaftace hannu, sannan tabarau, takunkumi shi ne na ƙarshe, a kama shi ta igiya, a sake wanke hannu. Da ruwa da sabulu daƙiƙa 40 zuwa 60, da man goge hannu daƙiƙa 20 zuwa 30. Safar hannu ɗaya da aka yini da ita ana taɓa waya da kuɗi da fuska ta fi hannu tsirara haɗari.

Yaya, ni shara da goge-goge nake yi a asibiti. Ba wanda ya taɓa koya mini yadda ake haɗa ruwan jabel. Yaya ake yi?

Ƙanwata, wannan ba laifinki ba ne, namu ne. Ana kiran likitoci da ma'aikatan jinya horo a otal, ke da ke kwashe abin da ya fi komai haɗari ba a ko rubuta sunanki. Ba na manta wata baiwar Allah da muka yi aiki tare a 2020, muna kiranta Inna. Da asuba nakan tarar ta wanke takunkumin da aka ba ta tun farkon mako, ta shanya shi a reshen dogon yaro da ke bayan ɗakin, ta ɗaure shi da tsumma kada iska ta ɗauke. Hannuwanta duk sun tsage sun yi fari, domin tana zuba jabel tsagwaronsa, a ganinta ƙarfinsa ne kariyarta. A kullum takan goge ɗaki goma sha, amma ba ta cikin jerin waɗanda ake raba wa kaya, don ba ma'aikaciyar gwamnati ba ce.

Ga yadda ake yi. Ki duba jikin kwalbar. Idan an rubuta kashi 2.5 cikin ɗari, ko digiri 8 wanda kusan daidai suke, to don goge tebur da gado da marfin ƙofa a cutar numfashi irin korona ana son kashi 0.1: kofi ɗaya na jabel, kofi 24 na ruwa. Inda jini ko amai ya zuba ana son kashi 0.5: kofi ɗaya na jabel, kofi 4 na ruwa. Idan ƙarfin kwalbar daban ne, a raba ƙarfinta da ƙarfin da ake so, a cire ɗaya, abin da ya rage shi ne yawan kofin ruwa. A lokacin kwalara ma'aunin ya bambanta: kashi 2 na bayan gida da amai da gawa, kashi 0.2 na ƙasa da gadaje, kashi 0.05 na hannu.

A fara wanke wurin da ruwa da sabulu, domin datti na kashe ƙarfin jabel. A haɗa sabo kowace safiya, a rufe, a ajiye a inuwa, rana na lalata shi. Kada a taɓa gauraya shi da wani ruwan wanke ban-ɗaki, hayaƙin da ke tashi na iya shaƙe mutum. Kuma ki nemi safar roba mai kauri da takalmin roba da gilashin ido, haƙƙinki ne kamar yadda aka faɗa a amsar kayan kariya. Fesa wa mutane jabel a jiki kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana tun 2020.

Ni ɗan kontaragi ne, abokina ɗan sa kai ne, wata kuma bautar ƙasa take yi. Haƙƙinmu ɗaya da na ma'aikacin gwamnati?

Ba ɗaya ba ne, kuma nan ne gizo ke saƙa. A ɗaki ɗaya, a kwanan aiki ɗaya, za ka tarar da mutum huɗu suna juya mara lafiya guda, amma takardu huɗu daban suke riƙe da su. Ma'aikacin gwamnati mai lamba yana ƙarƙashin dokar aikin gwamnati, albashinsa na tafiya ko ya kwanta. Ma'aikacin asibitin kuɗi ko kamfani yana ƙarƙashin dokar ƙwadago, kuma wajibi ne mai aikinsa ya rubuta shi a CNSS, asusun ƙasa na inshorar ma'aikata. Ɗan kontaragi yana rataye ne da abin da takardarsa ta ce. Ɗan sa kai, wanda ya gama makarantar lafiya ya zo yana aiki kyauta shekara da shekaru da fatan wata rana a ɗauke shi, sau da yawa ba shi da takarda ko ɗaya.

Abin da na gani da idona shi ne kariya na bin takarda, ba ta bin haɗari. Wanda ya fi kusa da mara lafiya da shararsa shi ne mafi ƙarancin takarda, kuma shi ne ba ya iya cewa a'a, don yana tsoron a ce gobe kada ya dawo. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan a lokacin korona jika 30 ne da 'yan kai, wato 30,047, sai daga baya ya koma 42,000. Akwai masu goge ɗakunan asibiti da masu gadi da ko wannan ba sa samu.

Shawarata: ka nemi kwafin kontaraginka yau. Idan kamfani ko asibitin kuɗi kake, ka je CNSS da kanka ka tabbatar kana da lamba kuma ana zuba maka kuɗi, kada ka tsaya ga "an yi" na baki. Idan sa kai kake yi, ka roƙi majo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, ko shugaban asibiti ya ba ka takardar shaidar aiki mai hatimi, kuma sunanka ya fito a jadawalin kwanan aiki. Kafin a sa ka ɗakin masu annoba, ka tambaya a rubuce wa zai ɗauki nauyinka idan ka kamu.

Idan na kamu a bakin aiki, me zan fara yi?

Ka sanar da shugabanka a ranar, a rubuce. Ka samu takardar likita mai kwanan wata da sakamakon gwaji. Ka ɗauki hoton jadawalin aikinka na makonni biyun da suka wuce, ka rubuta sunayen abokan aikin da suka san ɗakin da ka yi aiki. Ga waɗanda ke ƙarƙashin CNSS, mai aiki na da awa 48 ya kai rahoton haɗarin aiki, kuma reshen haɗarin aiki da cututtukan sana'a ne ke ɗaukar magani da diyyar kwanakin da ba a yi aiki ba. Idan mai aikin ya yi nawa, ka kai maganar ofishin sufeton ƙwadago.

Wahalar cuta mai yaɗuwa ita ce za a ce maka a gida ko a kasuwa ka ɗauko. Shi ya sa shaida ke da muhimmanci. Jerin cututtukan sana'a na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wanda aka sabunta a 2010, ya yarda da cutar da ƙwayar cuta ta jawo idan an nuna alaƙa kai tsaye da aikin. Sukar allura ko fantsamar jini a ido kuwa haɗarin aiki ne mai rana da awa: a wanke nan take, a rubuta, a nemi maganin kariya daga ƙanjamau da wuri, kada a wuce awa 72.

Za a iya korata don na kwanta ciwo ko an killace ni?

A dokar ƙwadago, rashin lafiyar da likitan da aka amince da shi ya tabbatar na dakatar da kontaragi ne har tsawon wata shida, ba ya warware shi. Don haka kada ka zauna gida a kan maganar baki. Ko killacewa ce, ka nemi takarda daga hukumar da ta killace ka. Wurin da ke da ma'aikata fiye da goma ya kamata ya kasance da wakilan ma'aikata, su ne ƙofar farko, sufeton ƙwadago na biye. Ina roƙon masu kamfanoni su gane cewa wanda aka yanke wa albashi don ya faɗi gaskiyar ciwonsa, gobe abokinsa zai sha maganin zazzaɓi ya zo aiki da cutar.

Ina da ikon ƙin shiga ɗakin idan ba a ba ni kariya ba? Yajin aiki fa?

Sashe na 13 na Yarjejeniya ta 155 ya ce a kare ma'aikacin da ya janye daga aikin da yake da dalili mai ƙarfi na ganin haɗari ne babba kuma na nan take ga ransa ko lafiyarsa. Sharaɗin shi ne ya sanar da shugabansa nan da nan. Ba wai ka ɗauki jaka ka tafi gida ba. Ka tsaya, ka ce ga abin da ya rage, a kawo in shiga.

Na san wannan ya fi sauƙin faɗa. Idan mace na naƙuda tana tari a gabanka, ba sashen doka kake tunawa ba, shiga kake yi. Yawancinmu haka muka yi, kuma ba zan zargi kowa ba. Amma kada a mayar da tausayinmu jari. Shi ya sa maganar ta fi kyau ta fito daga ƙungiya tun kafin a kai ga bakin ƙofa: SUSAS ga ma'aikatan lafiya da jin daɗin jama'a, SYNPHAMED ga likitoci da masu haɗa magani da likitocin haƙori. Wurin da ke da ma'aikata 50 ko fiye doka ta ce a kafa kwamitin tsaro da lafiya a wurin aiki. Yajin aiki haƙƙi ne, amma a fannin lafiya dole a bar masu riƙe aikin gaggawa.

Awa nawa ya halatta a sa ni aiki? Da zafin nan da azumi, mutum na iya faɗuwa.

Awa 40 ne a mako a dokar ƙwadago, abin da ya haura a biya shi da ƙari, kuma akwai hutun awa 24 a jere kowane mako. A annoba wannan lissafi ke fara rushewa: an killace mutum uku, sauran biyun su haɗa dare da rana.

Wanda bai sa rigar kariya a watan Afrilu a Yamai ba, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ba zai gane ba. Minti ashirin tabarau ya yi hazo, kana neman jijiya kamar mai lalube cikin duhu. Idan ka cire takalmin roba sai ka juye zufa kamar an zuba ruwa a ciki, yatsu sun yi yaushi kamar na mai wanki. A 2020 da bakin azumi muka yi wannan, wani lokaci wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya. Mai gajiya shi ke sukar kansa da allura, shi ke kuskuren ma'aunin magani. A riƙa shiga bibbiyu, a taƙaita zaman cikin rigar, a tanadi inuwa da ruwa da gishirin ORS a wurin cirewa. Jiri, ciwon kai mai tsanani, rikicewar magana ko ɗaukewar zufa, a fitar da mutum nan take. Maganar azumi ga wanda aikin ceton rai ya galabaitar, ka tambayi malaminka tun kafin watan ya kama, addini bai rufe ƙofa ba.

Ina da ciki, kuma ina tsoron kai wa yara da tsohuwata cuta gida. Maƙwabta ma sun fara gudunmu.

Ki sanar da wuri, ki nemi a mayar da ke sashen da ba na masu cutar ba. Haka mai ciwon suga ko hawan jini ko wanda shekaru suka ja. Hutun haihuwa mako 14 ne, annoba ba ta soke shi. Kusan kashi 70 cikin ɗari na ma'aikatan lafiya a duniya mata ne, amma har yau ana kawo kayan kariya masu girman maza.

A gida, kayan aiki su tsaya a wurin aiki ko cikin leda a ƙofa, takalmi a waje, wanka kafin a ɗauki yaro. Tsohuwa ta kwana inda iska ke ratsawa. Gudun maƙwabta kuwa na san zafinsa. Akwai lokacin da mai taksi ya ga rigata ya ƙara wuta, kuma wata maƙwabciya ta hana 'ya'yanta shiga gidanmu. Abin da ya yi mana magani shi ne maigidana ya je ya zauna da liman da mai unguwa, na bi shi na yi musu bayani da bakina. Idan barci ya ƙaurace miki, ko kuka na zuwa ba dalili, ki faɗa wa abokiyar aiki da kika yarda da ita, ki ga likita. Ba raunin imani ba ne.

Mu masu taksi da faba-faba da kabu-kabu da 'yan kasuwa, ba mu da mai gida. Wace doka ta san da mu?

Kusan babu, kuma ku ne mafi yawa: fiye da tara cikin goma na masu aiki a ƙasar nan ba su da takardar aiki. Dokar hana fita ta ƙarfe 7 ta faɗo daidai lokacin da mai shayi da mai tsire da mai tuwo ke fara ciniki. Killace Yamai ya tsayar da direbobin Dosso da Tawa da Maraɗi, tare da kamasho da 'yan dako da masu sayar da ruwa a tasha. Wanda abincin darensa ke cikin cinikin yininsa, "zauna gida" a kunnensa "kwana da yunwa" ne. Tarzomar da aka yi a wasu unguwanni a watan Afrilun 2020 ba ta rasa nasaba da wannan, tare da maganar masallatai.

Abin da ke hannunku: gilashin mota a buɗe, domin iska mai ratsawa ta fi duk wani feshi, takunkumi biyu ko uku a canza, buta da sabulu a rumfa, wanke hannu bayan ƙirga kuɗi da kafin cin abinci. Sannan ƙungiyarku ta tasha ko ta kasuwa ta kasance da rajistar 'ya'yanta da asusun taimakon wanda ya kwanta, ko adashi ne. Idan tallafi ya zo, masu jeri a hannu ake fara kira.

Kuɗin haɗari da ake cewa ana bai wa masu aikin annoba, wa ke da haƙƙi a kai?

Ya danganta da takardar da ta kafa shi, ko ta gwamnati ko ta ƙungiyar agajin da ke biya. Ka nemi ganinta: nawa ne, na kwana nawa, su wa ke ciki. A liƙa jerin sunaye a bango kowa ya gani. Rigimar da na fi gani ba ta yawan kuɗin ba ce, ta sunayen da suka shiga ba su taɓa leƙa ɗakin ba, da na masu shara da direbobi da suka ɓace. Kuma kuɗin haɗari ba ya maye gurbin takunkumi.

Rigakafi: ma'aikaci ya yi ko ya jira?

Ya yi. Na korona ya iso a Maris 2021, allurai 400,000 na Sinopharm daga China, aka fara ranar 29 ga watan, na AstraZeneca ta hanyar shirin raba rigakafi na duniya, COVAX, suka biyo a Afrilu. Ma'aikatan lafiya na cikin na farko, kuma da yawanmu mun ja ƙafa saboda saƙonnin WhatsApp. Ni na yi, don ba zan iya cewa tsohuwa ta miƙo hannu ina ɓoye nawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar gaggawa kan korona ranar 5 ga Mayu 2023, amma allurar ciwon hanta nau'in B tana nan a kan duk mai taɓa jini ko sharar asibiti. Ka duba katinka, har da ta mashaƙo da ta sanƙarau.

Malam, ni majo ne a wata CSI, wato ƙaramar cibiyar lafiya, a jihar Tawa, mu uku ne kacal. Me zan tanada tun yanzu?

Jiharku ta san annoba tun kafin korona. A 2016 zazzaɓin Rift Valley ya ɓulla a Cintabaradan da Tasara, ya fi kama makiyaya da masu taɓa nama da jinin dabbobi. Kwalarar 2021 ta ratsa Tawa da Maraɗi da Damagaram. Mu a Yamai sanƙarau na 2015 ya cika rumfunan jinya na Lazaret har aka rufe makarantu. Kowacce da hanyar yaɗuwarta, don haka kayan kariyar ma sun bambanta, duba amsar takunkumi da ta jabel.

Fara da ruwa. Randa ko tanki mai famfo a ƙofar shiga da ɗakin haihuwa, da wanda aka ɗora wa cika su. Ka ware wuri mai inuwa da iska a waje don mai tari ko gudawa, kada ya zauna cikin mata masu awon ciki. Ka ƙirga safar hannu da takunkumi da jabel da sabulu, ka san na kwana nawa ne, ka aika bukata ga likitan gunduma a rubuce kafin damina ta yanke hanya. Ka rubuta sunan duk mai aiki a wurin, har da lebura da mai gadi da matan da ke zagaya gidaje suna wayar da kai, da irin takardar kowa da lambar wani nasa, ka aika kwafi gunduma. Ka zaunar da su duka ranar da ba ta kasuwa ba, kowa ya sa rigar kariya ya cire a gabanka sau biyu, ya haɗa jabel da kofi. Sannan ku yanke tun yanzu wa zai karɓi haihuwa da dare idan ɗayanku ya kwanta, da CSI mafi kusa da za ta aro muku mutum, da lambar majonta.